Rumfar Leda Ba A Rana Ɗaya Take Mutuwa Ba

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Bukuru ta nufi Vom, ko ya gangara wajen Mangu da Bokkos, ba zai rasa ganin rumfunan leda a gefen hanya ba. Wasu suna nan tsaf, ledarsu a ɗame, tumatir ko tattasai na ciki kore shar. Wasu kuwa ƙarafa ne kawai a tsaye kamar haƙarƙarin saniyar da ta mutu a daji, da 'yan tsummokaran leda suna kaɗawa a jikinsu. Idan aka tambayi mai irin wannan rumfa abin da ya faru, amsar kusan guda ce a ko'ina: iska ce ta ɗauke. Na ji wannan amsa a Filato, na ji ta a Nasarawa, na ji ta a bakin manomanmu da ke aikin lambu a kewayen Abuja. Ban taɓa ƙaryata kowa ba, domin lalle iskar farkon damina ba abin wasa ba ce. Amma bayan shekarun da na yi ina shiga irin waɗannan rumfuna, ra'ayina shi ne iska takan zo ne ta ƙarasa aikin da sakaci ya riga ya fara tun watanni da dama kafin ranar.

Ga waɗanda ba su saba da ita ba, rumfar leda, wadda wasu ke kira girinhaus, ƙarafa ne da aka lanƙwasa kamar baka, aka jera su, aka lulluɓe samansu da leda mai barin haske ya shiga, gefe da gefe kuma aka ja raga mai ƙananan idanu. Wadda aka fi kafawa a ƙasar nan ita ce mai faɗin mita 8 da tsawon mita 24, wato fili mai murabba'in mita 192. Amfaninta a fili yake. Rufin yana hana ruwan sama dukan ganye, ragar tana tare ƙwari, saboda haka manomi yana iya fitar da tumatir, tattasai ko kokwamba a tsakiyar damina, lokacin da tumatirin fadama ya ƙare, farashi kuma ya hau a kasuwar Farin Gada ta Jos da ta Mil 12 a Legas. To, duk wannan riba tana rataye ne a jikin ledar da kaurinta bai wuce maikiron 200 ba, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Ƙarafan suna iya shekara goma ko fiye idan ba a bar su ga tsatsa ba. Ledar kuwa, ko mai kyau ce, a ƙarƙashin ranar ƙasarmu shekara uku zuwa huɗu ake sa ran ta yi, shi ma idan an kula da ita.

Shekara uku ke nan da aka kai ni wata rumfa ta ƙungiyar mata a wani ƙauye da ke kudu da Jos. Wani shirin tallafi ne ya kafa musu ita, aka yi biki, aka ɗauki hotuna, baƙi suka watse. Ranar da na je, cikin watan Fabrairu, sai na hangi wata 'yar yaga a rufin, daidai kan ƙarfe na uku daga ƙofa, ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba. Na nuna wa shugabarsu, wata dattijuwa mai himma, na ce, "Mama, wannan fa a liƙe ta yau, kada ta kwana." Ta ce, "Malama, ai mun gani. Mun aika wa waɗanda suka kafa, sun ce za su turo injiniya." Injiniya bai zo ba. A tsakiyar Afrilu hadari ya taso da yamma, iska ta sami ƙofa ta wannan yaga, ta shiga ta kumbura rumfar, ta tsarge rufin tun daga wannan ƙarfe har ƙarshe. Tumatirinsu yana fure a lokacin, kuɗin iri da na taki kuma rance ne.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne, matan ba raggaye ba ne. Kullum suna cikin rumfar, suna ban ruwa, suna ɗaure tumatir, suna cire ciyawa. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa gyaran wannan yaga aikin mutum biyu ne na minti goma, ba aikin injiniya ba. An koya musu yadda ake dasa shuka da yadda ake haɗa taki, aka bar rufin da ke kansu ya zama tamkar kayan gwamnati da ba a taɓawa. Ni ma ina da nawa laifin, domin na faɗa na wuce, ban hau tsani na nuna musu ba.

Kafin a zo ga gyara, ya kamata manomi ya san abin da ke kashe leda. Na farko shi ne hasken rana kansa. A cikin hasken akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda ke tsinka zaren da ledar ta ginu a kansa, har ta bushe ta riƙa karyewa. Kowa ya ga yadda bokitin roba da aka bari a tsakar gida yake koɗewa, wata rana a ɗauka kunnensa ya ɓalle. Ledar da aka yi musamman domin rumfa ana zuba mata sinadaran kariya tun a masana'anta, su ne ke jinkirta wannan lalacewa. Ledar da magina ke shimfiɗawa a ƙasa kafin zuba kankare, da wadda 'yan kasuwa ke rufe kaya da ita, ba su da wannan kariya. A ido kusan ɗaya suke, a farashi kuwa akwai tazara, shi ya sa wasu ke ruɗuwa. Wanda ya rufa rumfarsa da ledar magina, da wuya ta kai shi ƙarshen shekara. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A nemi mai sayarwa ya nuna takardar da ta zo da ledar, a ga kaurinta da shekarun da masana'anta suka ɗauki alkawari, a kuma ajiye rasit da ɗan guntun ledar mai ɗauke da rubutu.

Sai dai ko ledar gaske ce, waɗannan sinadarai ƙarewa suke yi, kuma akwai abubuwan da ke gaggauta ƙarewarsu. Ku lura da kyau, yawancin yagewar rufi a kan layin ƙarfe take farawa. Dalili kuwa shi ne, da tsakar rana ƙarfen yakan ɗauki zafin da hannu ba ya iya jurewa, ledar da ke kwance a kansa tana gasuwa kullum, ga kuma gogayya duk lokacin da iska ta motsa ta. Maganin wannan ba shi da tsada. Akwai wani tef mai laushi kamar soso da ake mannawa a bayan ƙarfe kafin a ɗora leda. Inda babu shi, a naɗe ƙarfen da ragowar leda ko farin ƙyalle, a tabbata ba a bar wani ƙusa, kan noti ko kaifin walda a waje ba. Idan an riga an rufa, a shafa farin fentin ruwa a bayan ledar, a bi layin ƙarfen kawai, domin fari yana mayar da zafi. Kada a yi amfani da fentin mai.

A nan ne nake so in tsaya kan wasu dabaru namu na gida waɗanda niyyarsu kyakkyawa ce amma sakamakonsu ɓarna. Sau da yawa nakan tarar an yayyanka tsohon tiyub na mota an naɗe ƙarafa da shi, wai don kada su ci leda. Baƙar roba tana jan zafi fiye da ƙarfen ma, sa'annan akwai farar wuta a cikin haɗinta, farar wuta kuwa babbar abokiyar gabar sinadaran da ke kare ledar ce. Haka nan masu kafa rumfa da katako ko gora sukan shafe itacen da baƙin mai saboda gara. Gara kam za ta gudu, amma duk inda man ya taɓa leda zai sa ta yi laushi ta saki. A shafa man a ɓangaren da zai shiga ƙasa, a bar na sama. Farin bututun roba irin na masu aikin famfo shi ma bai dace ya zauna a jikin leda ba sai an naɗe shi ko an yi masa fentin ruwa, domin akwai sinadarin kulorin a cikinsa.

Maganar farar wuta ta kawo mu ga feshi, kuma a nan ni kaina na sha kunya. A farkon aikina, cutar farin gari ta kama tattasai a wata rumfar gwaji da nake kula da ita, na sa aka riƙa feshin farar wuta a kai a kai, mai feshin kuma yana ɗaga bakin famfo sama domin hazon ya sauka a kan shuka. Cutar ta lafa, na yi murna. Kafin shekara biyu ta cika rufin ya dushe, ya fara tsagewa ko'ina, alhali rumfar da ke maƙwabtaka da ita, wadda aka rufa rana ɗaya da leda iri ɗaya, tana nan lafiya. Na fara da zargin mai sayarwa kafin na gane ni ce na ci ledata da hannuna. Magungunan da ke ɗauke da farar wuta ko kulorin suna da yawa a kasuwanninmu. Mankozeb, wanda manoman dankalin Turawa da tumatir a Filato suka sani sarai, yana da farar wuta. Saifametirin yana da kulorin. Ba cewa nake a daina feshi ba. Cewa nake a fuskantar da bakin famfo ga shuka, kada a wanke rufi da magani, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a kuma bar iska ta ratsa rumfar bayan an gama. Wanda ya san yana yawan amfani da farar wuta, ya faɗa wa mai sayarwa tun farko, domin akwai ledar da aka yi musamman don ta jure mata.

Abu na ƙarshe mai kashe leda shi ne sakwarkwacewa. Rufin rumfa ya kamata ya kasance a ɗame kamar fatar ganga. Ledar da ta saki tana kaɗawa dare da rana, kowace kaɗawa kuma duka ce a jikin ƙarfe. Da damina ruwa yakan taru a inda ta lotsa, ya yi tumbi, nauyinsa ya ƙara ja ta ƙasa, wani lokaci har ya lanƙwasa ƙarfe. Leda tana miƙewa da zafi, tana takurewa da sanyi. Wanda ya rufa rumfarsa da sanyin asubar Disamba a Jos zai ga ta yi kyau da safe, da azahar kuwa ta zama kamar babbar riga. A rufa da hantsi, bayan rana ta ɗumama ledar, a ranar da babu iska, kada kuma a ja ta da ƙarfin tsiya har ta sirance. Idan ledar tana da ɓangaren ciki da na waje, kamar irin wadda ke hana raɓa ɗiga a kan shuka, a bi abin da aka rubuta a jikinta. Gefen da za a binne, a haƙa masa rami mai zurfin kamar santimita 30 a danne da ƙasa. Inda ake amfani da kwarin ƙarfe da waya mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, a riƙa dubawa ko wayar ta fita daga mazauninta. A kan katako kuwa, kada a buga ƙusa kai tsaye a leda. A naɗe bakinta a jikin siririn katako, sa'annan a buga ƙusar ta cikin katakon.

Yanzu ga gyaran kansa. Ƙa'idata guda ce, kuma ba na sassauta ta: yagar da aka gani yau, yau za a liƙe ta. Ana bukatar mutum biyu, tsani, ruwa da ɗan sabulu, busasshen tsumma, almakashi, da tef na gyaran ledar rumfa. A jira raɓa ta bushe. A wanke kewayen yagar ciki da waje, a goge har ya bushe ƙarau, domin tef ba ya kama ƙura ko danshi, kuma yawancin facin da ke ɓallewa a nan aka yi kuskurensa. Mutum ɗaya ya tsaya daga ciki ya tokare wurin da ɗan faifan katako da aka naɗe da tsumma, na waje ya haɗa bakin yagar ya manna tef, ya wuce kowane ƙarshenta da aƙalla santimita 5, ya murza sosai har iska ta fita. Daga nan a sake manna wani ta ciki. Idan an zagaye kusurwoyin tef ɗin da almakashi, iska ba ta samun bakin da za ta ɓanɓare. Idan rami ne babba, a yanko faci daga ragowar ledar da aka ajiye, ya zarce ramin da kamar tafin hannu ta kowane gefe, a liƙe shi kewaye ciki da waje. Kada wanda ke kan tsani ya jingina da ledar ko ya taka ta, a jikin ƙarfe ake dogara.

Abubuwa biyu nake roƙo a bari. Na farko salatif ɗin ɗaure kwali. Rana tana cinye shi cikin 'yan makonni, ya faɗi ya bar danƙo mai tara ƙura, wanda zai hana tef na gaske kamawa daga baya. Idan shi kaɗai ke hannu kuma hadari na tafe, a sa shi ya kwana biyu, amma a san bashi aka ci. Na biyu ɗinki. Manomi ya saba da basilla da zaren buhu, hannunsa yakan tafi can da kansa. Ɗinki yana da kyau a raga, har ma shi ne gyaranta. A leda kuwa kowane hujin allura sabuwar yaga ce mai jiran iska, kamar jerin hujin da ke jikin littafin rasit, wanda aka yi shi musamman don takarda ta yage a kansa.

Wani zai ce, to ɗan rami kamar kwabo me zai yi, tunda ruwan da zai shiga bai taka kara ya karya ba? Ba ruwa kaɗai ke shiga ba. Manoman tumatir ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Filato, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir cikin watan Mayu. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta ɓulla a Sifen a 2006, daga nan ta bazu har ta iso mu, kuma tun daga lokacin ba ta bar ƙasar nan ba. Uwar wannan tsutsa wani ɗan malam-buɗe-littafi ne da bai kai santimita ɗaya ba, macen tana iya zuba ƙwai sama da 200, kuma cikin kamar wata guda 'ya'yan sun girma sun fara nasu. Farin ƙuda mai kawo cutar nannaɗewar ganye ya fi shi ƙanƙanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya sa lamarin ya fi muni a rumfa shi ne, da zarar sun shiga sun sami ɗaki mai ɗumi, babu ruwan sama mai dukansu, abokan gabarsu kuma raga ta tare su a waje. Rumfa mai huji tana iya fin fili buɗaɗɗe ɓarna. Don haka duba raga da bakin ƙofa yana cikin aikin, musamman ƙasa-ƙasa inda ɓera da fartanya suke yin ta'adi.

Game da wanki ba zan tsawaita ba. Ƙurar hunturu tana kwanciya a rufi, gansakuka kuma tana fitowa da damina, duka biyun suna rage haske. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya fi haske zama matsala, 'yar ƙurar ba ta dame ni ba. A yankin Almeriya na ƙasar Sifen, inda rumfunan leda suka rufe fili sama da hekta 30,000, da gangan manoma ke shafa wa rufinsu farin alli da bazara, su wanke idan sanyi ya shigo. Amma a Yuli da Agusta, da gajimare ke rufe Filato kwana da kwanaki, shuka tana bukatar duk hasken da za ta samu, in ba haka ba ta yi tsawo a banza, fure ya zube. Saboda haka a wanke rufi da shigowar damina. A sami tsohon zanen gado, a ɗaura igiya a gefensa biyu, a jefa shi ta saman rumfa, mutum biyu su riƙa ja suna sassautawa, na uku yana watsa ruwa. Ruwa da ɗan sabulu ya isa. Ban da bilic, ban da kananzir, ban da burushi mai tauri.

Duk wannan kulawa jinkirta ranar take yi, ba ta hana ta zuwa. Leda tana da ajali. Alamarsa ita ce ta dushe, ta yi ruwan ƙwai ko fari-fari, faci ya yi yawa, kuma idan aka kama ɗan gefenta kusa da ƙarfe aka ja, maimakon ta miƙe sai ta tsage. Idan ta kai nan, sayen tef asarar kuɗi ne. Kuma a nan ne nake ganin babban kuskurenmu yake, mu ma'aikata da masu ba da tallafi da manoma baki ɗaya. Mun ɗauki leda a matsayin gini, alhali ita kayan aiki ce mai ƙarewa, 'yar'uwar taki da iri. Ba manomin da ke mamaki idan buhun taki ya ƙare. Amma rufi ya mutu a shekara ta huɗu, sai a yi tsaye cirko-cirko kamar abin da ba a taɓa tsammani ba.

Lissafin ba shi da wuya. Idan leda za ta yi shekara uku, ana kuma noma sau biyu a shekara, girbi shida ke nan. Daga kowane girbi a ware kashi ɗaya cikin shida na kuɗin sabuwar leda kafin a kira sauran riba. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan da ake shigowa da su daga waje sun yi tsada ƙwarai, ledar rumfa mai inganci kuma tana cikinsu, saboda haka kuɗin da aka ajiye a ƙarƙashin katifa ba lalle ya saya a ranar bukata ba. Gara a riƙa tambayar farashi kowace shekara ana gyara lissafi, ko a juya kuɗin zuwa tunkiya ko akuya da za a sayar idan lokaci ya yi. Ƙungiyoyi suna iya yin adashi na musamman domin rufi, su kuma haɗu su sayi babban naɗi guda su raba, ya fi sauƙi a kan kowa ya sayi nasa.

Manoma sukan ce mini, "Malama, wannan tef da kike faɗa ba a samunsa a kasuwar ƙauyenmu." Gaskiyarsu ne, kuma ban ga laifinsu a nan ba. Laifin yana wuyan masu kafa rumfa da masu biyan kuɗin kafawa. A ganina, bai kamata wata hukuma ko ƙungiyar tallafi ta karɓi rumfa daga hannun ɗan kwangila ba sai ya miƙa wa manomi naɗin tef na gyara, da ragowar leda da raga, ya kuma tsaya ya yaga wani guntu da gangan ya sa manomin ya liƙe da hannunsa. Idan aka rage kuɗin rumfunan da ake kafawa ranar biki domin baƙi su zauna, ya isa ya sayi wannan. Malaman gona su ma ya kamata a koya musu aikin leda kamar yadda ake koya musu tazarar shuka. Shirin da ya raba rumfa ɗari bai tanadi yadda za a sake rufinsu ba, ƙarafa ɗari ya raba, sai dai ba za a gane ba sai bayan shekara huɗu, lokacin da masu shirin sun rufe littafinsu sun tafi.

Akwai kuma masu cewa rumfar leda ba ta talaka ba ce tun asali, gara a bar manomi da fadamarsa. Ban yarda da su gaba ɗaya ba, domin na ga ƙananan manoma da rumfa guda ta canza musu rayuwa. Amma akwai gaskiya a maganarsu. Wanda gonarsa ke nesa da gida, ba zai iya leƙa ta kullum ba, ba shi da tabbataccen ruwa, ba shi kuma da niyyar ware kuɗin rufi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya sa kuɗinsa a ingantaccen iri da injin ban ruwa, zai fi ganin amfani.

Idan an sauke tsohuwar leda, kada a ƙone ta, hayaƙinta guba ne. Kada kuma a yar da ita a gona, domin awaki da shanu suna haɗiyar leda, mahauta sun san abin da suke tararwa a tumbin dabbobi. Ɓangarorin da ke da sauran ƙarfi suna da amfani: a rufa ƙaramin gadon reno da su, a lulluɓe tarin takin gargajiya, ko a shimfiɗa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa mako huɗu zuwa shida cikin zafin Maris da Afrilu domin rage tsutsar saiwa da cututtukan ƙasa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shanya hatsi, kuɓewa ko barkono a kanta, domin shekaru ta yi tana shan feshi. Abin da ya rage a tara a ba 'yan bola-jari.

Ga wanda rumfarsa ke tsaye yanzu, watan Maris shi ne watan bincike, kafin hadarin farko. A shiga ciki da tsakar rana a ɗaga kai, duk wani huji zai nuna kansa da haske. A bi kowane ƙarfe da hannu, a ɗaure notin da ya saki, a ƙara ƙasa a gefen da aka binne, a sare reshen bishiyar da ya leƙo kan rufi, a share busasshiyar ciyawa kewaye saboda wutar daji. A Filato, inda ƙanƙara kan sauka tare da ruwan farko, a sake dubawa bayan kowane hadari. Idan aka ga gabas ta yi baƙi, a rufe ƙofa da duk wani labule kafin iskar ta iso, domin rumfar da iska ta shiga cikinta ita take ɗagawa.

Matan can na kudu da Jos sun sake rufi bayan wata bakwai, da kuɗin da suka tara daga sayar da dankali. Damina guda ta wuce su. Da na koma, naɗin tef yana rataye a ƙusa daga cikin ƙofa, an sa shi a leda saboda ƙura, kuma 'yar autar Mama ce ke hawa tsani.